Sati Biyu, In Ji Inna

Ita ce 'yar farina, shi ya sa ba zan rubuta sunanta a nan ba. Ban taɓa kiransa da bakina ba. A Furfuri inda aka haife ni haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji ta ambaci sunan yayanmu ba, kuma babu wanda ya ce ba ta son shi.

Da yarinyar ta isa yaye sai uwar mijina ta zo daga Tsafe ta goya ta, suka tafi. Inna muke ce mata, har ni. Ranar ina cikin ɗaki ina tsintar wake, ban fito rakiya ba, kuma an yaba mini da hakan. Ni na ci gaba da zama a Damba cikin Gusau, inda mijina Malam ya kama mana haya. Direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci har Funtuwa. Na ƙara haihuwar uku bayanta. Ita kuwa ta girma a hannun kakarta. Inna take kira uwa, ni kuma Yaya take ce mini.

Uwar ɗan fari takan koyi kallo da wutsiyar ido. Ana ganin kina wanke-wanke, alhali kin san sau nawa ɗan ya gifta.

Da Babbar Salla, yarinyar tana da shekara tara, muka je Tsafe. Na ga ta ɗauko kwanon fura kanta a karkace gefen hagu, kamar mai sauraren magana a bayan bango. Da za ta shiga ɗaki kafaɗarta ta bugi ƙyaure. Da za ta fito ta sake bugunsa. Washegari da safe ina ɗauraye kwanuka sai na hango ta bayan rumbu tana amai, ko koko ba ta sha ba. Ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, ta goge baki, ta tafi ɗebo ruwa.

Da muka dawo gida na ce wa Malam yarinyar Inna kamar ba ta jin daɗi. Ya ce Inna ta raini bakwai har sun zama mutane, in da akwai wani abu da ta faɗa. Shi ma ta farinsa ce, ba zai je ya tsare mahaifiyarsa da tambaya a kanta ba. Sai na sayi maganin tsutsar ciki na ba shi, na ce ya kai a rarraba wa yaran gidan duka. Na gaya wa kaina wataƙila shi ke nan.

Lokacin kaka muka koma Tsafe wajen suna. Hanyar ba ta biyuwa duk sa'adda mutum ya ga dama, sai rana ta ɗaga motoci sun haɗu a tafi a jere, don haka ba na zuwa sai da dalili. A gidan, zura wa Inna zare a allura aikin yarinyar ne tun tana ƙarama. Ranar na ga ta rufe ido ɗaya, ta kai zaren ya wuce gefe, ta sake ya wuce. Inna ta karɓe allurar tana cewa, "Ni tsohuwa, ke tsohuwa, to wa zai zura ma wani?" Matan da ke tsakar gida suka yi dariya. Ni ma na yi.

Cikin azumi ta faɗi a makarantar Islamiyya, jikinta yana jijjiga. Wata tara ke nan da ganina na farko. Malam ya ɗauko ta da Inna zuwa asibiti a Gusau. Bayan kwana uku aka tura mu wani babban asibiti a wata jiha, inda suke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Na bar ƙannenta wurin maƙwabciyata na bi su, a matsayin mai dafa abinci da wanki. Malam ya ajiye mu ya koma kan hanya, yana leƙo mu bayan 'yan kwanaki.

A ɗakin yara Inna ce a kan kujerar da ke jikin gado. Ni tabarmata tana jikin bango, kusa da kwanuka. Likitan da ya zo matashi ne mai fara'a, Hausarsa irin ta Kano. Ya tambayi wace ce uwar yarinya. Inna ta ce ita ce.

"Ke kika haife ta, Inna? Da waɗannan shekarun? Ai sai mu kira 'yan jarida."

"Kira su mana, su ɗauke ni hoto," in ji Inna. Sannan ta nuna ni da haɓa. "Ga wadda ta yi naƙudar can. Amma ɗiya tawa ce."

Ya buɗe fayil ya fara tambaya. Yaushe ciwon ya fara? Inna ta ce sati biyu. Kafin nan ba ta amai da safe, ba ta tuntuɓe, ba ta kukan ciwon kai? Inna ta ce lafiyarta lau, ita ke ɗebo mata ruwa kullum. Ya juyo ya dube ni ya ce haka ne? Na sunkuyar da kai na ce Inna ce ke tare da ita. Ya rubuta. Da Turanci yake rubutun, ni kuma iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci da na yi bayan aure. Amma na san lamba biyu, kuma na gan ta a kan takardar.

Ranar Litinin hoton ya fito. Ya kira mu ofishinsa ya nuna mana a gilashin kwamfuta. Ƙari ne, kamar goro ɗaya, can ciki tsakiyar kai. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko a buɗe ƙoƙon kai, a ratsa ta cikin ƙwaƙwalwa mai lafiya har a isa wurinsa. Wannan suna yi a nan, kuma ana rayuwa, sai dai yakan taɓa hannu ko ido. Ta biyu babu ita a wurinsu. Akwai wasu likitoci a wata ƙasa da yake rubutu da su, sukan karɓi yara kaɗan da taimako. Su ba sa buɗe kai. Huda suke yi da ba ta wuce kaurin fensir ba, su zura wani abu siriri kamar tsinken tsintsiya har cikin ƙarin. Bakinsa yana fitar da haske mai zafi da ake ce wa leza, shi zai ƙone ƙarin daga ciki, suna kallo ta na'ura don kada zafin ya wuce inda ake so. Ɗinki ɗaya ake yi. Bayan kwana biyu yaro yana yawo.

Inna ta ce ashe sakiya ce ta Turawa, irin wadda ake huda kumburi da ƙarfe mai zafi. Ya yi dariya ya ce ba ta yi nisa ba.

Sai ya daina dariyar. Ya ce ba kowane ƙari suke karɓa ba. Suna son wanda bai wuce wani girma ba, kuma mai girma a hankali. Shi a ganinsa hoton ya yi kama da abin da ya daɗe a wurin. Amma yarinyar da take lafiya lau sati biyu da suka wuce, yau ga ta haka, duk wanda ya karanta zai ce mai sauri ne, kuma ba ya jin za su yarda. Wannan ne ya ɗaure masa kai. Duk da haka zai haɗa hoton da labarin da muka ba shi, ya aika ranar Alhamis.

Na fito daga ofishin ina bayan Inna, ina riƙe da takalmanta, don ta mance su a bakin ƙofa.

Wanda bai zauna a irin gidajenmu ba zai ce ai magana ce guda, ki buɗe baki ki faɗa. Ni na san abin da ke cikin maganar. In na ce ba sati biyu ba ne, na ƙaryata uwar mijina a gaban baƙo. Na kuma ce mata amanar da ta ɗauka ta lalace a hannunta ba ta lura ba. Na tona wa kaina asiri cewa duk shekarun nan idona yana kan yarinyar da na nuna na sallama. Bayan duk wannan sai a tambaye ni, ke da kika gani me ya hana ki magana? Wannan ta ƙarshen ita ta fi hana ni sakat.

Ranar Talata na bi likitan a baranda. Yana tare da ɗalibansa, su kusan takwas cikin fararen riguna. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya aiki, ya ibada. Ya amsa da fara'a, ya ɗan tsaya yana jira ko da magana. Na ce Allah ya taimaka. Suka wuce.

Na dawo na sami bayan wata takardar magani na rubuta: ba sati biyu ba ne, tun Babbar Salla ne. Na ninke na ɗaure a bakin zanena. Sau biyu nas ta zo auna zafin jiki, hannuna yana kan ƙullin, ban kwance ba. Na ga in na miƙa takardar nan a ɓoye, na kai ƙarar Inna ke nan a bayan idonta, kuma likita zai dawo ya tambaye ta a gabana. Na ari waya na kira Malam. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce don Allah kada in haɗa shi da mahaifiyarsa, su likitoci ai hoto suke dubawa, ba zancen mata ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata 'yar birni, mai jiki da murya, tana jinyar ɗanta da ya faɗo daga babur. Kwana biyar tana kallonmu. Ranar ta same ni a wajen famfo ta ce, "Baiwar Allah, wai ke uwa ce ko 'yar aiki? Ɗiyarki tana kwance ko goshinta ba ki taɓa ba." Na ce ta fari ce. Ta riƙe haɓa. "Ku mutanen Zamfara da kunya. Ko a asibiti ba ku cire ta ku ajiye a bakin ƙofa tare da takalma?" Na yi murmushi na ɗauki bokitina. Ban ji haushinta ba. Ita ce ma ta riƙa ba mu ƙanƙara da shan ruwa.

Ranar Laraba da la'asar Inna ta fita alwala, layin bayi kuwa yana da tsawo. Aka bar ni da yarinyar. Ta ce, Yaya, ruwa. Na tallafo kanta na ba ta. Rabon da in riƙe kan nan tun tana goye. Ya yi mini nauyi, kuma a ƙeyarta, ƙarƙashin kitso, na ji wasu tabo a jere.

"Yaya, fasa mini kai za su yi?"

Na ce ana neman wata hanya. Na tambaye ta a hankali tun yaushe take amai da safe. Ta dubi ƙofa. Ta ce Inna ta hana ta faɗa. Inna ta ce in na ji, zan sa a mayar da ita Gusau, ita kuma ba ta son barin Inna. Tabon ƙeya kuwa na ƙaho ne, wanzami ya yi mata sau uku.

Na mayar da kanta kan matashi na koma tabarmata. Da Inna ta shigo ta tarar da ni ina yanka albasa. Kafin nan ina zaton tsufa ne ya hana ta gani. Yanzu na san ta gani, ta yi iyakar abin da ta sani, ta ɓoye mini don tsoro, kamar yadda na ɓoye mata don kunya. Na ji tausayinta, amma abin ya ƙara mini nauyi. A da, cewa zan yi ba ta lura ba. Yanzu kuwa duk abin da na faɗa, ta yi ƙarya nake cewa.

Ranar Alhamis da hantsi, kafin likitoci su fara zagaye, yarinyar tana barci, na je gaban kujerar Inna na durƙusa. Ban ambaci abin da yarinyar ta gaya mini ba. Na ce, Inna, ina da laifi da nake so in faɗa miki. Na ce tun Babbar Salla na ga kanta a karkace, na ga ta yi amai bayan rumbu, da kaka na ga allura ta gagare ta, kuma na yi shiru. Na ce in likita ya zo ina neman izini in gaya masa, don hudar nan ta fi buɗe kai.

Tana jan carbi, ta tsaya, ta ci gaba.

"Ashe kina kallonta," ta ce.

"Ina kallonta, Inna."

Ba ta ce na yarda ba, ba ta ce ban yarda ba. Ta juya fuskarta wajen bango. Ina nan durƙushe har likitan ya iso da fayil a hannu, ɗalibai biyu a bayansa. Ya ce yau zai aika, ko akwai mai tambaya? Inna ba ta juyo ba. Matar gadon kusa ta daina fifita.

Na faɗa. Kaina a ƙasa, muryata ba ta fita sosai, sai da ya matso ya ce in maimaita. Na maimaita, tun daga kwanon fura har allura.

"Ba Babbar Salla ba ce," in ji Inna, tana kallon bango. "Tun ƙaramar sallar bara ta fara kukan kai. An yi hayaƙi, an sha rubutu, anka yi ƙaho. Rubuta duka, yaro. Ni ce ban faɗa ba."

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya sake tambayoyin tun daga farko, mu biyu muna amsawa, kowa da abin da ta gani. Na ga ya ja layi a kan lambar nan biyu, ya cika shafi guda da sabon rubutu. Da ya tafi Inna ta ce in ɗora ruwan zafi za ta gasa ƙafarta. Na ɗora. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Amsar ta zo bayan kwana goma sha biyu, mun yi ƙaramar salla a asibiti. Sun yarda mai girma a hankali ne, irin wanda suke yi wa aikin. Amma ya wuce girman da suke karɓa, kuma gefensa ya jingina da wani wuri da zafi zai yi wa illa. Ba za su iya ba. Sai dai a buɗe.

Na jira Inna ta fita, na tsaya a bakin ofishin. Na ce, likita, da mun zo tun Babbar Salla fa? Ya ajiye biro. Ya ce babu hoton wancan lokacin, ba zai faɗi abin da bai gani ba. Na so ya ce i ko a'a, kowanne ne zan san inda zan ajiye shi. Bai ce ba.

Malam ya zo ya sa hannu a takarda. Aka tsefe kitson, aka aske kan. Tun safe suka shiga da ita, ba su fito ba sai bayan la'asar. Ta rayu, alhamdu lillahi. Ɗinkin ya taso daga saman kunne har tsakiyar kai. Hannunta na hagu ya yi sanyi, ba ya riƙe kofi, idon hagun kuma rabi yake gani. Likita ya ce sun cire mafi yawa, amma sun bar wani ɗan guntu da ke manne a inda ba a taɓawa.

Yanzu tana wurina a Damba, saboda sau biyu a sati muna zuwa asibiti a gasa hannun a motsa shi. Ta ce ba za ta zauna ba sai da Inna, don haka Inna ta rufe ɗakinta a Tsafe ta biyo ta. Na bar musu ɗakina na koma na yara. Gashi ya fito ya rufe rabin tabon. Ta fara tsokanar Inna kamar da, tana ce mata su biyu ido uku gare su, su riƙa yin aro.

Guntun da aka bari shi muke tsaro. Duk bayan wata huɗu muna komawa a ɗauki hoto. Likita ya ce wataƙila ya zauna haka har ta tsufa. In kuma ya motsa, aka kama shi yana ƙarami, to wannan karon hasken nan zai iya dacewa da shi, zai sake rubuta musu. In aka makara sai a sake buɗewa. Ya ce tsakanin hoto da hoto ba shi da ido a gidanmu sai namu. Idan mun je yanzu ni yake tambaya, Inna takan zauna a benci a waje, ta ce ƙafarta ba ta son tsayuwa.

Wancan zuwan ya ce bai motsa ba. Jiya da safe ta ture kofin koko ta ce ba ta jin yunwa. Na tambaye ta ko tashin zuciya ne, ta ce a'a. Na sake tambaya a gaban Inna, ta ce a'a, Yaya, ƙosan ne ya yi mai. Saura sati bakwai mu koma.